Abin Da Kika Gani Ranar Layya

Bayan Kandi, 10 ga Yuli, 2024

Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗiyarki Labiba da dukan mutanen gida. Ki durƙusa min a gaban Baba Gado, ki ce ɗansu yana gaishe su, yana tambayar gwiwar nan da ke hana su zuwa masallaci. Ni ma ina nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na san za ki yi dariya, ki ce ɗan sanda guda mai waya biyu a aljihu ya koma rubuta wasiƙa kamar ɗan lekol, ɗan makarantar boko. To inda aka ajiye mu ɗin nan, sai mutum ya hau kan tankin ruwa kafin ya samu layi, in ya samu kuma akwai mutum biyar a ƙasa suna jiran ya sauko, kunnuwansu a buɗe. Karimou direba yana wucewa Kandi duk Talata a hanyarsa ta Malanbil, ya juyo Alhamis. Ya ce in dai takarda ce, ko ta kai buhu zai ɗauka. Ki riƙa ba shi taki takardar a tasha, zai ajiye min wurin mai shayi.

Kwana goman da na yi a gida hutun Layya, maimakon su rage min kewa sai suka ƙara. Nan babu teku, Yaya. Da safe nakan tsaya ina sauraro ko zan ji kukan jirgin ruwa, sai in ji jaki. Ina kewar ƙamshin tsire a bakin masallacin Zongo bayan La'asar. Ina kewar 'yan zemijan, masu haya da babur, da rigunansu rawaya, waɗanda na shekara shida ina faɗa da su a gindin gadar Dantokpa lokacin ina ba da hannu. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi marmarin a zage ni da yaren Fon ba.

Kin tuna usur ɗin roba da kika sayo min a kasuwar Tokpa shekarar da aka kawo ni gidan Baba Gado? Ina ɗan shekara bakwai, innata ta rasu, ba na yi wa kowa magana. Kika ce kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, don haka ko in so ko in ƙi ke yayata ce, kika rataya min shi a wuya. Washegari aka tsince ni a kasuwar raguna ina tsayar da tumaki ina ba awaki hanya. Ke kika jawo min aikin nan, ba kowa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na shigar da takardar neman mutasiyon, wato a sauya min wurin aiki a maido ni Kwatano. Ƙa'idar aikinmu ta ba mutum dama ya nema idan yana da dalili, kuma na haɗa takarduna na miƙa. Kafin komisiyon da ke yanke hukunci ta zauna, ana iya turo wani gida ya yi tambaya a kaina. Sunanki na rubuta. In sun zo, ki faɗa musu abin da kika gani ranar Layya. Kada ki rage komai.

Na ba Karimou cukun wagashi guda huɗu, biyu naki, biyu na Baba.

Ƙanenki,
Muntasir

Zongo, 22 ga Yuli

Mai usur,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta sau biyu, na kuma karanta wa Baba Gado inda ka gaishe su. Muna nan lafiya ƙalau, sai ruwa. Na makon jiya har zaure ya shiga, Baba suka rungume rediyonsu kamar jariri suka bar takalmansu suna yawo. Gwiwa da sauƙi. Wagashi uku ya iso. Karimou ya rantse huɗu ka ce amma uku ya gani. Ni dai na ga bakinsa yana sheƙi.

Albishirinka! An sa ranar Labiba, Asabar ta ƙarshen Oktoba. Kamaludeen ɗin nan ne na unguwar Akpakpa mai gyaran firji, wanda ka ce kansa kamar kwakwa. Ita ta zaɓi abinta, shekara biyu suna tare, kuma tun da ya fara zuwa ban taɓa ganin ta dawo daga farmasi, shagon maganin da take aiki, da fuska a ɗaure ba. Ka fara neman hutu tun yanzu.

Baƙon da ka ce kuwa ya zo, kuma ya zo a rana mafi muni. Shekaranjiya Asabar gwaggonnin Kamaludeen su uku suka zo ganin gida. Babbarsu Hajiya Shafa'atu, tsohuwar malamar lekol, idonta kamar na kwastan, har ƙarƙashin kujera take dubawa. Ina cikin zuba musu zoɓo sai ga wata madam a bakin ƙofa da jaka da littafi, ta ce daga wajen aikinku take. Ta ce ko za mu ɗan keɓe. Kai ma ka sani, in ka ja baƙo gefe kuna ƙus-ƙus a gaban surukai, kafin Magariba Akpakpa ta gama tsara abin da kuka ce. Na ce, "Madam, zauna nan, duk 'yan gida ne."

Ta zauna ta buɗe littafi. Wai yana barci? Yana cin abinci? Kin ga halinsa ya sauya? Yana firgita in ya ji ƙara? Ya taɓa yi miki maganar mutuwa? Na ga Hajiya Shafa'atu ta ajiye kofinta a hankali. Ka san Faransancinta ya fi na madam ɗin.

Nan na gane komai. Wani maƙiyinka ne a wajen aiki ya kai suka, yana so a ce kanka ya taɓu a tuɓe maka kaki, shi ya sa ka yi saurin ja min kunne. Na gyara zama. Na ce barcinka sai an buga ƙofa ake tashinka. Na ce kai kaɗai ka cinye rabin kan rago. Na ce tun daga kakanninmu da suka zo Kwatano da fataucin goro, ba a taɓa jin wani abu makamancin haka a zuriyarmu ba. Sau uku tana tambayata, "Madam, kin tabbata?" Na ce a kawo Alƙur'ani. Sai ta miƙo littafin na sa hannu. Da ta fita Hajiya ta ce, "Gwamnati ba ta da aikin yi," aka yi dariya, aka ci gaba da maganar lefe.

Ka ce in faɗi abin da na gani ranar Layya, na faɗa. Farar shaddarka, yadda ka riƙe hannun Baba har filin Idi, yadda maƙwabta suka yi ta zuwa gaishe da ɗan sandansu. Ɗan abin da ya faru a bayan tankin gidanmu kuwa, zazzaɓi ne. Haka na gaya wa mutane a ranar, haka zan faɗa har kabarina.

Ba yau na fara rufa maka asiri ba. Waye ya ce mage ce ta ture tsohuwar rediyon Baba? Har yau magen nan tana bin ka bashin duka. Ka kwantar da hankalinka, mutasiyon kamar a hannunka take.

Yayarka,
Lubabatu

Zongo, 19 ga Agusta

Muntasir,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka.

Talata huɗu ke nan ina aika Karimou wurin mai shayi, yana dawo min hannu sake. Ya ce takardata dai an karɓa. Na kira wayarka ya fi sau ashirin, sau ɗaya ta shiga, ka ce "Lafiya lau, Yaya, ina kan aiki," ka kashe. Ni za ka yi wa muryar ofis? Ni da na wanke maka ƙazuwa?

In fushi kake don an sa ranar Labiba ba a jira ka ba, ka fito ka faɗa. Baba ne suka yanke, kuma ba raini ba ne. Babbar rigarka ta biki ma na riga na yanko yadinta, ruwan toka, tana wurin tela.

Kasuwa ba daɗi. Kowa maganarsa ɗaya, za a tashe mu daga Tokpa a kai mu sabon wuri. Shekara ashirin da shida ina layin atamfa ɗaya. Jiya na tsaya ina kallon lagun ta bayan rumfuna, na tuna lokacin da nake goya ka a kafaɗa don ka ga kwale-kwalen masu kifi, kana ƙirga su kana tsallake bakwai kullum. Sai na ji hawaye, na ce hayaƙin masu soya kifi ne.

Baba suna tambayarka duk safiya. Na gaji da ce musu hanya ce ba kyau. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Lubabatu

Bayan Kandi, 18 ga Satumba

Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke, ina gaida Baba, ina taya Labiba murna da zuciya ɗaya. Na rubuta "ina nan lafiya" na soke, kin ga wurin. Ba ni da lafiya, Yaya. Wata shida ke nan.

Ba fushi nake ba. Kunya ce ta hana ni rubutu, sannan kuma na rasa ta inda zan fara.

A watan Maris, wata Laraba da safe, muka fita sintiri da mota biyu. Ni ya kamata in shiga ta gaba. Na koma ɗauko gorar ruwana da na manta, sai Rafiou ya ce in je, zai riƙe min wuri. Kin san Rafiou, ɗan unguwar Gbégamey, wanda muka yi horo tare, wanda yake cinye miki ƙanzon shinkafa in ya rako ni. Kafin in dawo sun tashi, na shiga ta baya. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba motarsu ta taka abin da aka binne a hanya. Ni na tattara shi. Jininsa ya shiga takalmina har cikin safa.

Na ce miki ya rasu a bakin aiki, kika yi masa addu'a, na bar maganar a nan. Amma tun ranar barcina bai wuce awa biyu. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai in tsinci kaina a ƙasa. Watan jiya muna kan hanya wata tsohuwa ta fito daga ciyawa da itace a kai, ba zato. Na ɗaga bindiga a kanta, yatsana yana kan kunama. Abokin aikina Latif ne ya danne min hannu. Tsohuwar ko sani ba ta yi ba, ta gaishe mu ta wuce. Tun daga ranar Latif ke ajiye min harsasaina a aljihunsa, abin da in aka gane mu duka biyu za a hukunta. Tsoro nake kada in kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Wani lokaci kuma kaina nake jin tsoro.

Babu maƙiyin da ya kai suka. Ni na kai kaina wurin likita a Paraku, shi ya rubuta cewa a ɗauke ni daga nan, a raba ni da bindiga, a yi min magani. Madam ɗin da ta zo, aikinta ke nan, duba halin ma'aikata da iyalansu. Don ta taimake ni aka turo ta. Komisiyon ta zauna ranar biyar ga wata, ta ga likita ya faɗi ɗaya, gida ya faɗi ɗaya, da sa hannunki. Masu neman barin arewa suna da yawa, dole su tace. Suka ƙi. Ban ga laifinsu ba.

Ke ma ban ga naki ba. Ni na rubuta miki magana a dunƙule, ina so ki faɗi abin da ni na kasa faɗa. Yadda aka rene mu ke nan a gidan Baba Gado. Kin tuna Inna Ni'ima, matar Baba? Shekara biyu ciwo yana cin ta, duk wanda ya ce ina kwana sai ta ce lafiya lau, har ranar da ta faɗi a bakin murhu. Muka yi ta yabon haƙurinta.

An ce ina da dama in ɗaukaka ƙara kafin sha biyu ga Oktoba. Sai gida ya rubuta sabuwar shaida da Faransanci ya warware ta farko, kuma wanda ya sa hannu ya je da kansa. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani, ba don ki yi ba. Kada ki yi. In maganar nan ta fita, Hajiya Shafa'atu za ta ji, kuma kin san me ake cewa a kan gidan da aka ce akwai taɓin hankali. Ba zan sayi dawowata da auren Labiba ba. Zan lallaɓa har shekara ta zagayo in sake nema.

Kin san abin da nake yi in abin ya taso? Sai in rufe ido in kama hanya daga masallaci zuwa gidanmu, ƙofa ƙofa. Mai tsire, shagon mai ɗinkin hula, famfon da muke layi da bokiti, gidan masu goro, sannan titin jirgin ƙasa inda nake jera marfin kwalba jirgi ya baje min su, ke kuma ki zo ki ja ni da kunne. Yawanci kafin in kai zauren Baba numfashina ya dawo. Wani lokaci sai na yi zuwa uku.

Ki ce wa tela ya rage wuyan rigar. Na rame.

Muntasir

Zongo, 7 ga Oktoba

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Baba suna lafiya, Labiba tana lafiya. Ni ban san me zan ce da kaina ba.

A rumfa Karimou ya kawo min takardarka. Ina tsaye na fara karantawa, ban san lokacin da na zauna a kan bandir ɗin atamfa ba. Wata tana ta tambayar kuɗin turmi, na ce ta je gaba. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar da mahaifin Labiba ya sake ni.

Ka ce ba ka ga laifina ba. To ni na gani. Kada ka wanke ni, Muntasir. Na san abin da na gani ranar Layya, kuma da na karanta takardarka ta farko wani gefen zuciyata ya san abin da kake nufi. Na zaɓi in fahimce ka a karkace ne don ya fi min sauƙi, ga surukai a zaune, ga zoɓo a hannuna. Sannan na zo ina yi maka alfahari.

Kwana uku ina juya maganar ban gaya wa kowa ba. A na huɗu Labiba ta same ni a ɗaki ina kuka, ta zare takardar daga hannuna ta karanta. Ta fita ta dawo da farar takarda da biro. Ta ce, "Inna, ki faɗa da Hausa, ni zan juya." Na ce, "Ke, aurenki fa?" Ta ce, "In don Kawu ba shi da lafiya za su fasa, gara su fasa tun kayana suna ɗakinmu." Na ce kai ka hana. Ta ce, "Kawu ba ya cikin hayyacin da zai hana."

Sai na faɗa, tana rubutawa. Na ce shekara ashirin kai ke riƙe wa Baba ƙafafun rago, bana jini yana taɓa silifas ɗinka ka saki ka tafi. Na ce na same ka a bayan tanki a tsugune kana zuba ruwa a ƙafarka, bokiti ya ƙare kana ci gaba da kamfatar iska da moɗa. Na ce haƙoranka suna haɗuwa, na kira sunanka sau huɗu ba ka san ni ba. Na ce na lulluɓe ka da mayafina na ce wa mutane zazzaɓi ne. Na ce kwana goma ba ka taɓa nama ba, ni na riƙa ɓoye kwanonka. Na ce ranar da tayar wani zemijan ta fashe a ƙofar gida, kwanciya ka yi a ƙasa ka rufe kai. Labiba tana rubutu hawayenta yana ɗiga, sai da ta sake kwafe shafi ɗaya.

Na kai wa Baba maganar, ina jiran faɗa. Suka kashe rediyo. Can suka ce, "Da ma mun yi magana lokacin ciwon Ni'ima." Sannan suka ce, "Ku je ku ɗauko min yarona."

Kafin in je ofis sai da na hau zemijan na tsallaka gada zuwa Akpakpa. A gaban Hajiya Shafa'atu na yi ƙaryar, don haka a gabanta zan fara warwarewa. Na gaya mata komai. Ta ce, "Wato kin zaunar da mu a ɗakinki kin yi mana ƙarya har da neman Alƙur'ani." Na ce na yi. Ta ce, "Irin wannan ciwo yana bin jini?" Na ce, "Hajiya, ba a jini ya samo shi ba, a bakin aiki ya samo shi, yana tsaron ƙasar da ni da ke muke barci a cikinta." Ta ce za su yi shawara. Ko rakiya ba ta yi min ba.

Ranar Alhamis na je ofishin madam. Tana ganina ta tashi ta jawo min kujera. Ta ce, "Na san za ki dawo. Tun ranar da kika sa hannu na sani." Ta ce ba ni ce ta farko ba, kuma ita ma ta yi kuskure da ta yarda ta yi tambaya a gaban mutane. Na maimaita mata komai da bakina, da Faransancin kasuwa, inda ya ƙare na haɗa da Fon. Ta buga tambari, ta ce takardar za ta shiga kafin wa'adi.

Ka ce kada in yi, na yi. In fushi za ka yi, ka zo gida ka yi shi. Ka gaishe min da Latif, ka ce wata mai atamfa a Tokpa tana yi masa addu'a kullum, kuma kada ya ba ka abin nan da ke aljihunsa ko ka roƙe shi.

Yayarka,
Luba

Bayan Kandi, 6 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Jiki yana nan yadda yake, amma zuciya ta ɗan sarara.

Takarda ta fito. An maido ni Kwatano, ɗakin ajiyar takardu, babu bindiga, babu sintiri. Zan riƙa ganin likita duk mako biyu, bayan wata shida su sake dubawa. Jiya na miƙa makamina. Latif ya ƙirga harsasan a gabana ya mayar, cif, sannan ya rungume ni. Wasu sun taya ni murna. Wasu suna cewa ɗan Zongo ya gudu. Ɗaya ya zo a ɓoye ya tambaye ni sunan likitan.

Na yi fushi da ke kwana biyu, a na uku na yi barcin awa huɗu.

Ba ki ce min komai ba a kan ranar ashirin da shida ga Oktoba. Na ƙirga kwanaki, na san ta wuce. Ki gaya min gaskiya, an ɗaura ko ba a ɗaura ba? Ban san da wane ido zan kalli Labiba ba.

Zan biyo Karimou Alhamis mai zuwa, sha huɗu ga wata. Roƙo ɗaya nake yi, kada ki gaya wa kowa ranar. Zan sauka nesa da masallaci in zagayo ta lungun baya, ta wajen tanki. Ba zan iya idon mutane ba tukuna.

Muntasir

Zongo, 11 ga Nuwamba

Mai usur,

Wa alaikumus salam. Wannan za ta same ka Talata, ka karanta ta kafin ka hau mota.

Ba a ɗaura ba. Gwaggonnin sun yi shiru, ba su ce sun fasa ba, ba su sa wata rana ba. Kamaludeen yana zuwa kullum bayan La'asar, ya ajiye babur ɗinsa a ƙofa inda kowa zai gani, ya zauna da Baba suna sauraron labarai. Ya ce yana kan lallashin gidansu. Ko zai ci nasara, Allah ne masani, ba zan yi maka ƙarya ba. Labiba ta ce in gaya maka da idonka biyu za ka kalle ta, kuma ka zo mata da wagashi, ka riƙe a hannunka, kada ka ba Karimou.

Maganar ɓoye ranar zuwanka, ka makara. Labarin ciwonka ya tsallako gada tun kafin ni in dawo daga Akpakpa. Akwai masu ƙus-ƙus, akwai wadda ta daina aiko 'yarta ɗebo wuta a gidanmu. Amma ka san Zongo, in dai an ce mutum ba shi da lafiya, dole a zo dubiya. Sun fara zuwa tun marar lafiyar bai iso ba. Mai ɗinkin hula ya zo. Liman ya zo. Wani dattijon zemijan ya ajiye lemo cikin leda, ya ce ka taɓa kama babur ɗinsa sau uku a gindin gada, kuma duk sau ukun kai ke da gaskiya.

Ranar Juma'a wata mata ta zo daga Gbégamey, ta zauna a tabarma ta daɗe tana murza carbi. Mahaifiyar Rafiou ce. Ta ce an kawo mata ɗanta a akwati a rufe, ba wanda ya gaya mata komai. Ta ji an ce kai ka ɗauke shi daga ƙasa. Ta ce ba ta zo tambayarka komai ba, so take kawai ta ga hannun da ya ɗauke shi. Na ce sai ranar da ka shirya. Ta ce za ta jira, ba ta da wani aiki da ya wuce jira.

Don haka babu lungun baya. Ƙofar bayan na sa an kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ka sauka a masallaci, zan tsaya maka a wurin mai tsire, mu bi hanyar nan taka ƙofa ƙofa, wannan karon da ƙafa. Baba sun ce a fitar musu da kujera zaure tun safe.

Mutane za su tare ka su ce ya jiki. Kada ka ce musu lafiya lau. In da sauƙi, ka ce da sauƙi. In babu, ka yi shiru, ina gefenka, ni zan amsa, kuma abin da na gani zan faɗa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Luba